Kafin a Taya Tsohuwar Wagon

Da aka ce in zo in yi magana a kan yadda ake gane darajar tsohuwar mota, musamman doguwar nan da muke kira wagon, sai da na yi jim, domin a ɗakin nan akwai waɗanda suka sauke injin Fijo tun ban san hannun damana ba. Amma an ce in zo, na zo. Inda na kauce, a gyara mini bayan na zauna.

Zan fara da asarar da na taɓa tafkawa, tun da ita ce makarantata. Shekaru da dama da suka wuce wani dillali ya kai ni ganin Fijo 504 wagon, koriya shar, ana dab da kiran sallar magariba. An wanke ta, an goge tayoyin da baƙin mai, tana ta ƙyalli. Ya dafa bonet ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, wannan ko ƙwarzane babu. Matar wani likita ce ke kai yara makaranta da ita." Na zagaya ta sau biyu, na tayar da injin na ji yana kaɗawa, na taya, aka yi albarka sau biyu, a na uku aka sallama. Damina na faɗuwa sai fentin ƙarƙashin ƙofar baya ya fara yin ƙuraje. Na kai wa wani dattijon fanel bita. Bai ce mini komai ba, ya ɗauki ƙaramar guduma ya ƙwanƙwasa wurin. Wani ɓangare ya ɓamɓare ya faɗo kamar yaɓen tsohuwar katanga, ga ragar waya da guntun jarida a ciki. Ya ɗaga jaridar ya nuna mini, ya ce, "Ɗana, ka sayi fenti, an ba ka gyaran mota." An yi mini kitso da ƙwarƙwata, kuma ni na kai kan da kaina, domin ban durƙusa na leƙa ƙarƙashinta ba ko sau ɗaya.

Daga ranar na gane cewa abu uku muke cakuɗawa idan muka tsaya a gaban tsohuwar mota. Lafiyarta daban, asalinta daban, kuɗin da za ta yi a kasuwa kuma daban. Mota tana iya zama lafiya lau, ta je Maiduguri ta dawo ba ta yi tari ba, alhali injinta na wata mota ne, kujerunta na wata, fitilunta na wata. Wata kuma tana nan yadda ta fito daga masana'anta, ko kusa ɗaya ba a sauya ba, amma ba ta iya fita daga gareji da ƙafarta. Mu a nan ta farkon muke yabo. Masu tara tsofaffin motoci a duniya kuwa ta biyun suke tashi tsaye dominta. Wanda bai san wannan bambanci ba, ko dai ya sayi gwangwani da tsada, ko ya sayar da zinariya a farashin gwangwani.

Cikakken sunan wagon ɗin, station wagon, shi kansa yana da labari. A Amurka aka raɗa shi, zamanin da jirgin ƙasa ke tashe, ga motocin da otal-otal ke aikawa tasha su kwaso baƙi da akwatunansu. Jikinsu na katako ne a lokacin. Kamfanin Ford ya fara sayar da tasa a 1929, kuma Buick ta 1953 ce ta ƙarshe a Amurka da aka yi wa jiki da katako na gaske. Abin da ya biyo baya leda ce mai zanen katako da ake mannawa a kan ƙarfe. A Ingila, Morris Minor Traveller ta riƙe katakonta har 1971, kuma nata ba ado ba ne, shi ke riƙe da bayan motar, don haka mai saye yakan bi shi da tsinken ƙarfe yana tsokana, kamar mai duba azarar ɗaki ko gara ta ci. Mercedes ta Jamus ta makara: sai a 1978 ta fara ƙera wagon da hannunta, a jerin W123. Ga kuma Volvo 245 ta Suwidin, mai kama da akwati, wadda aka yi ta ƙerawa daga 1974 har 1993. Duk inda aka je dai labarin ɗaya ne. Wagon jakar gida ce. Ita ke ɗaukar iyali, ita ke ɗaukar buhu, ita ake wa lodi har ta durƙusa. Mota mai ƙofa biyu ana lallaɓa ta a rufe da tamfol, wagon kuwa aiki take yi har ta mutu. Shi ya sa a yau samun mai lafiya a cikinsu ya fi wuya, kuma wuyar samun nan ita ce tushen tsadarta.

Tamu wagon ɗin dai Fijo ce, ba sai na faɗa ba. Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana ta, ta ci kambin motar shekara ta Turai a 1969. Doguwar ta biyo baya a farkon shekarun 1970. An ƙara mata tsawo tsakanin tayar gaba da ta baya, daga mita 2.74 zuwa mita 2.90, aka ɗaga rufinta ta baya, aka sa mata aksul ɗaya miƙaƙƙe da safirin huɗu, biyu a kowane gefe. Wannan ne sirrin da ya sa take ɗaukar abin da hankali ba zai ɗauka ba. A 1975, shekarar da Ove Andersson ya ci tseren Safari na Kenya da 504, a shekarar ce masana'antar PAN da ke Kakuri a nan Kaduna ta fara fitar da motoci. Har ta jirgin sama ake kawo kayan haɗin, daga Liyon zuwa Kano, sannan a gangaro da su Kaduna. Kuɗin ƙarin albashi na Udoji ya shigo hannun ma'aikata, gwamnati kuma ta mai da Fijo motar hukuma. Faransa ta daina ƙera salun ɗin a 1983, amma Kaduna ba ta saki 504 ba sai wajen 2006. A can Nijar kuwa wata hanya ce daban: samarin Turai ne ke sayen tsofaffi a ƙasashensu, su keto Sahara ta Tamanrasset da Assamaka, su sayar a Arlit ko Agadas, su koma gida a jirgi.

Ban kawo waɗannan shekaru don burga ba. Su ne ma'aunin farko da ake kama maƙaryaci da shi, tun ba a taɓa motar ba. Wanda ya ce maka wagon ɗinsa 504 ƙirar 1969 ce, ka yi masa sallama, domin a shekarar babu ita. Wanda ya ce haɗin Kaduna ce ta 1973, ka tambaye shi a wace Kadunar. Naira ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1973. Rasidin da ke ɗauke da kwanan 1972 amma an rubuta kuɗin da naira, jiya aka buga shi. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972, saboda haka motar da aka sayar sabuwa a ƙasar nan kafin lokacin, irin su 404 wagon, da sitiyari a dama ta zo. In ka same ta da sitiyari a hagu, an juya shi, kuma juyin yakan bar tabo: ramukan da aka toshe a bangon da ke tsakanin injin da ɗaki, walda a ƙarƙashin dashbod, wani lokaci har waifa na sharewa ta ɓangaren da direba ba ya zaune.

To yanzu ga mota a gabanka. Ka je da safe, da rana tsaka in ta kama, amma kada ka yarda da magariba, kada ka yarda da motar da aka jiƙa da ruwa yanzu-yanzu, domin ruwa da duhu duk suna rufa wa fenti asiri. Ka sa riga wadda ba ka jin tausayinta. Ka tafi da tabarma, da tocila, da ɗan maganaɗisu irin na tsohuwar lasifika, ka naɗe shi a ƙyalle don kada ya ƙwarzane wa mutane mota. Mai sayen rago ba ya tsayawa kallon ƙaho, baki yake buɗewa ya ga haƙori, ya taɓa gadon baya. Haƙorin mota yana ƙarƙashinta.

Ka kwanta ka haska. Abin da kake nema tsatsa ce, kuma tsatsa iri biyu ce. Akwai ta sama-sama, ja-ja, wadda ake gogewa ta tafi. Wannan ba ta hana ciniki. Akwai wadda ta ci ƙarfe ta kumbura shi ya zama ɓawo-ɓawo, in ka danna da sukundireba ya shige. Ka bi dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi daga gaba har baya. Ka duba wuraren da ake kafa jak, da inda safirin na baya suke zaune, da kewayen tayoyin baya. Ka tashi ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ta wurin ƙafar direba da ta fasinja, ka ɗaga ta bayan but. Ka cire batir ka ga abin da ruwansa ya yi wa mazauninsa. Ka bi gindin gilashin gaba da yatsa. A wagon akwai wurare biyu da salun ba ta da damuwarsu sosai: leɓen ƙasa na ƙofar but, inda ruwa ke kwanciya, da magudanar rufi, inda aka ɗaure kariya shekara da shekaru ana ɗora mata buhunan masara da babur. Rufin da ya lotsa ya yi kwari, gyaransa ya fi na injin wahala.

A nan mu 'yan Arewa Allah ya yi mana gata, ko da yake ba mu san gata ba ne. Busasshiyar iskarmu ba ta cin ƙarfe. Motar da ta yi rayuwarta a Katsina ko Damagaram, rana ta ƙona mata fenti, ta fasa dashbod, ta busar da robobi, amma ƙashinta na nan garau. Wadda ta zauna a Legas ko Fatakwal iskar teku ta lashe ta, wadda kuma aka shigo da ita ta Kwatano daga ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, sau da yawa daga ciki take ruɓewa, waje na murmushi. Robobi da dashbod ana samunsu. Ƙarfen da ya ruɓe sai dai a yanke a yi faci, kuma faci faci ne ko wane gwani ya yi shi.

Sai maganaɗisu. Ka bi jikin motar da shi a hankali, ƙofa-ƙofa. Inda ƙarfe ne zai kama. Inda aka cika da bodi fila zai saki, ko ya kama da sanyin jiki. Ka koma gaban motar ka tsuguna, ka kalli gefenta a tsaye kamar mai duba miƙewar sanda: in hasken yana rawa kamar ruwa, an yi aiki a wurin. Ka duba tazarar da ke tsakanin ƙofa da ƙofa, da bonet da gefensa. Masana'anta takan bar su daidai wa daida, hatsari kuwa ba ya mayar da su yadda suke. Ka ɗaga bakin robar gilashi da farce. Mai fenti ba ya son wahalar cire gilashi, don haka a nan ne tsohon launi yake ɓuya, kuma a nan za ka gane cewa farar motar nan da shuɗiya aka haife ta.

Injin ba zan daɗe a kansa ba, ga masu shi nan zaune. Abu ɗaya nake roƙo: ka taɓa shi da hannu kafin a tayar. In ka ji ɗumi, an riga an tayar da shi kafin ka iso, kuma akwai dalili. Injin sanyi ba ya ƙarya. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi baƙin mai yake ci. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa ruwa ne ke shiga. Baƙi kuma yawanci kafireto ne, wannan mai sauƙi ne. Ka buɗe murfin baƙin mai, in ka ga abu kamar kindirmo, gasket ta tafi. Injin 504 na fetur, mai 1796 da mai 1971 cc, a kishingiɗe yake, kansa na alminiyon ne, silindoginsa kuma hannun riga ne da ruwa ke kewayawa kai tsaye. Yana da haƙuri da komai ban da zafi. Mu kuwa mun saba cire masa tamostat mu jefar, mu ɗura masa ruwan rijiya. Ka leƙa lagireto. Launin da ka gani a ciki shi ne tarihin rikon da aka yi masa. Agogon tafiya kuma kada ya ruɗe ka. Mai lamba biyar ne a yawancin tsofaffin nan, in ya kai 99,999 sai ya koma sifiri ya sake sabon lale. Robar fedar kuloci, da santsin sitiyari, da ramin da ke kujerar direba sun fi shi faɗin gaskiya. Taya ma tana magana: tun daga 2000 lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta mako ne da shekara, 2315 na nufin mako na 23 a 2015. In lambobin uku ne, tayar ta girmi wasu ɗaliban da ke ɗakin nan.

Yanzu na zo inda na fi so mu daɗe, wato asali. Kowace mota tana da lambar shasi, a kan ɗan farantin da masana'anta ta kafa, kuma an buga ta a jikin ƙarfen kansa. Injin ma yana da tasa. Ka gwada su da abin da ke cikin takardu, harafi-harafi. Ka dubi ƙusoshin farantin: in sababbi ne a kan tsohon faranti, ko ka ga alamar an goge wurin lambar an sake bugawa, ka tattara tabarmarka ka tafi, domin wannan ya wuce maganar daraja, ya zama maganar ofishin 'yan sanda. Injin da aka sauya ba laifi ba ne. Rabin Fijon ƙasar nan da injin Beljiyam suke yawo. Amma a faɗa, kuma a rage kuɗi.

A wagon akwai wani ha'inci na musamman. Peugeot ta yi ta iri-iri: Break mai kujeru layi biyu, Familiale mai layi uku ta mutum bakwai, da Commerciale ta ɗaukar kaya wadda ba a yi mata ado ba. 'Yan tasha sun mai da kowacce mai layi uku, maƙerin bakin tasha ya haɗa benci ya ɗaure. Ka ɗaga shimfiɗa ka ga yadda aka kafa kujerar bayan: aikin masana'anta a tsabtace yake, na bakin tasha kuwa rami ne da aka huda da kusa mai wasa. Ka duba ko an cusa katako ko guntun taya a cikin safirin don ta ƙara ɗaukar lodi. Sannan ka ƙirga abubuwan da wagon kaɗai ke da su: ƙofar but da gilashinta, dogayen gilasan gefe, fitilun baya, ƙofofin baya. Kayan injin da na gaba ɗaya suke da na salun, in ka shiga Panteka ko Ƙofar Ruwa a Kano za ka samu. Waɗancan kuwa kana iya shekara kana cigiya.

Akwai wani kuskure da na ga wasu samarinmu masu karatu a intanet suna yi, ina so in ja kunnensu. Suna ɗauko hoton 504 ta Faransa, ko ta Amurka mai fitilu huɗu zagayayyu, su ce duk abin da ya saɓa wa hoton jabu ne. A'a. Motar Kaduna da 'yar'uwarta ta Kaduna ake auna ta. An ci gaba da haɗa ta shekara ashirin da wani abu bayan Faransa ta daina, kuma a tsawon wannan lokaci abubuwa sun sauya, an yi ta shigar da kayan gida. Abin da ya fito da ita daga Kakuri shi ne asalinta. Wanda ya cire shi ya sa na Faransa don ta yi kama da hoto, ya ɓata ta ne yana zaton gyara yake. Peugeot tana da gidan tarihi a Sochaux, garin babbar masana'antarta, tun 1988. Mu namu gidan tarihin yana cikin kawunan dattawan nan da suka yi aiki a layin haɗi, kuma kullum raguwa suke. Ɗalibai, ga aikin bincike nan a gabanku, ba sai kun je nesa ba.

Ƙungiyar duniya ta masu tsofaffin motoci, FIVA, tana ɗaukar mota a matsayin ta tarihi idan ta kai shekara 30, kuma ƙa'idojin da ta fitar, waɗanda ake kira Yarjejeniyar Turin, suna fifita adanawa a kan sabuntawa. Hujjarsu mai sauƙi ce. Sabon fenti ana iya yinsa gobe, a sake jibi. Fentin masana'anta in aka kankare shi ya tafi ke nan har abada. Mun san wannan a wasu abubuwan: babu mai hankalin da zai kai tsohuwar takobin gidansu wurin mai walda a yi mata kwaskwarima. Duk wanda ya shiga gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas ya ga baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a ciki ranar 13 ga Fabrairu 1976, da ramukan harsashi a jikinta. A ce wani ya toshe ramukan ya fesa mata fenti, me ya rage? Tsohuwar Marsandi kawai, irin wadda ke kowane gareji.

Wannan ya kawo mu ga kuɗi. Ba zan faɗi farashi ba, domin duk adadin da na faɗa yau, kafin a buga wannan lacca naira ta ƙaryata ni. Amma kowace tsohuwar wagon tana da masu taya ta uku. 'Yan gwangwan sikeli suke kawowa, su kilo suka sani. Direban tasha yana lissafin sawu nawa za ta yi kafin ta mayar masa da kuɗinsa, shi injin da aksul ne damuwarsa. Mai sha'awa kuwa shi yake tambayar wa ya saye ta sabuwa, ina takardun, an taɓa fenti? Tazarar da ke tsakanin tayin na farko da na uku tana iya zama kamar ta ƙasa da sama, kuma abin da ke cike ta, sau da yawa, tsohuwar ambulan ce a cikin durowa: rasidin dila, littafin sabis mai hatimi, takardar kwastan, tsohuwar lamba baƙa mai farin rubutu, hoton mai gida tsaye a jikinta ranar da ya kawo ta. A 2011 an yi gwanjon farar 504 ƙirar 1977 ta shugaban Iran na lokacin, Mahmud Ahmadinejad, rahotanni suka ce an taya ta kusan dala miliyan biyu da rabi. Ƙarfen bai kai haka ba. Sunan aka taya.

Masu kimanta motoci a Amurka suna da matakai, daga ta ɗaya, wadda ta isa shiga gasa, zuwa ta huɗu, wadda ake hawa kullum da 'yan lahaninta. Amfanin matakan shi ne su hana mai kaya yaudarar kansa, domin kowa tasa ta biyu ce a idonsa alhali ta huɗu ce. Ga kuma lissafin da ba a son ji: kuɗin da za ka kashe ka ɗaga ruɓaɓɓiyar mota zuwa matakin sama, kusan kullum ya fi abin da za a saye ta bayan ka gama. Araha ba ta ado. In za ka saya, sayi mafi lafiyar jiki da aljihunka zai iya, ko injinta ya buga. Injin mako biyu ne, jiki kuwa shekara biyu.

Bara wani abokina ya kira ni gidansu. Mahaifinsu ya rasu, tsohon ma'aikacin gwamnati ne, za a raba gado, ga wagon a gareji ta fi shekara goma ba ta motsa ba. Ƙannensa sun riga sun kira mai fenti, wai a gyara ta ta yi kyan gani kafin a sa ta kasuwa. Muka buɗe ƙofar garejin da ƙyar. Ƙura ta yi mata bargo, tayoyi sun kwanta, kaza ta yi ƙwai a kujerar tsakiya. Na shafa gefen ƙofa da jiƙaƙƙen tsumma, sai ga launin madara ya fito, ya dushe amma nasa ne. Maganaɗisu ya kama ko'ina, ban da tafin hannu ɗaya a gefen hagu na baya. Na shiga ƙarƙashi na fito da yanar gizo-gizo a gemu, ban ga ruɓa ba. Lambar injin ta yi daidai da takarda. A aljihun dashbod ga littafin sabis, marigayin yana rubuta kwanan wata da biro duk ranar da aka juye baƙin mai.

Hajiya tana tsaye a bakin ƙofa da carbi. Na tambaye ta wurin nan na gefen hagu. Ta yi dariya ta ce, "Ai yayanku ne, ranar da ya saci makulli yana koyon tuƙi ya daki turken rumfa. Malam bai yi masa magana ba har kwana uku." Abokin nawa, mai furfura a yau, ya sunkuyar da kai. Na ce, "Hajiya, a sallami mai fenti. A wanke ta da ruwa da sabulu kawai, a sa mata tayoyi, a zuba mai a silinda a juya injin da hannu kafin kowa ya taɓa makulli. Labarin turken nan kuma a rubuta shi a sa cikin littafin." Ta ce, "To ɗana, ashe dattin ma kuɗi ne?" Na ce ba dattin ba, abin da ke ƙarƙashinsa. Daga baya magadan suka yi shawara, aka yi mata ƙima, babban ya karɓe ta a cikin rabonsa.

Ranka ya daɗe shugaba, na ga takardar da aka miƙo mini, na san lokaci ya yi. Motar da nake magana a kanta tana waje a gindin darbejiya, mai ita ya yarda a duba ta. Na zo da tabarma biyu da maganaɗisu uku. Ɗalibai su fara shiga ƙarƙashi, iyayenmu kanikawa su tsaya a kansu, wanda ya fara gano facin gefen hagu ba tare da an nuna masa ba, shayinsa a wuyana. Tambayoyi kuma sai mu yi su a can.